Magajin garin da ya ba maƙiyan garinsa kabari: me za mu ce kan Manfred Rommel?

Habibu Stuttgart:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Ranar Asabar na je tarbo ƙanina a filin jirgin sama na nan Stuttgart. Muna fitowa ya ga sunan da aka sa wa filin, Manfred Rommel, sai ya kama hannuna ya ce, "Yaya, dama har yau Jamusawa suna sa wa wuri sunan janar ɗin Hitler?" Na ce masa wancan Erwin ne, wannan ɗansa ne. Daga nan har gida ba mu bar maganar ba, har abinci ya huce. Shi ya sa na kawo ta nan, don akwai abu ɗaya a tarihin mutumin nan da ya daɗe yana min yawo a zuciya.

An haife shi a Stuttgart ranar 24 ga Disamba 1928. Bayan yaƙi ya karanta shari'a a Jami'ar Tübingen, ya kama aikin gwamnatin jihar Baden-Württemberg a 1956, ya yi ta hawa har ya zama daga ministan kuɗi sai shi a ma'aikatar. A 1974 magajin garin Stuttgart, Arnulf Klett, wanda shi ma lauya ne kuma yake kan kujerar tun 1945, ya rasu. Rommel ya tsaya a jam'iyyar CDU ya ci. Aka sake zaɓensa a 1982 da 1990, kowane karo ƙuri'unsa suna ƙaruwa, na ƙarshen ma ya haura kashi 70 cikin 100. Ya sauka a 1996, shekara 22 ke nan. Ya rasu ranar 7 ga Nuwamba 2013, a 2014 aka sa wa filin jirgin sunansa.

Abin da nake son mu tattauna ya faru ne a 1977. A lokacin akwai ƙungiyar 'yan ta'adda masu ra'ayin kwaminisanci, RAF, wadda aka fi sani da Baader-Meinhof. Shugabanninsu suna tsare a gidan yarin Stammheim, wadda unguwa ce a cikin Stuttgart. Don a tilasta sakinsu, na waje suka sace Hanns Martin Schleyer, shugaban ƙungiyar masu masana'antu, ranar 5 ga Satumba a birnin Kolon, suka kashe direbansa da 'yan sanda uku masu rakiyarsa. Gwamnatin Helmut Schmidt ta ce ba wanda za a saka. Sai wasu abokan ƙawancensu suka yi fashin jirgin Lufthansa ranar 13 ga Oktoba, suka yi ta yawo da shi ƙasa ƙasa, suka kashe matuƙinsa a Aden, aka ƙare a Mogadishu, inda dakarun Jamus na musamman suka kutsa suka ceto mutanen cikin daren 18 ga Oktoba. Da gari ya waye aka tarar da Andreas Baader da Gudrun Ensslin matattu a ɗakunansu, Jan-Carl Raspe kuma ya cika a asibiti. Binciken hukuma ya ce kansu suka kashe. Washegari aka tsinci gawar Schleyer a but ɗin mota a garin Mulhouse na Faransa.

To ga gawa uku a hannun gari, ga jama'a rai a ɓace. Har akwai masu cewa a watsa su cikin shara. Mahaifin Ensslin, wanda fasto ne a nan Stuttgart, ya roƙi a binne su tare. Rommel bai tsaya jan magana ba, ya ba da izini. Abin da ya faɗa, ma'anarsa ita ce: kowace gaba tilas ta sami inda za ta tsaya, shi kuwa a wurinsa wannan ta tsaya a bakin mutuwa. Aka binne su ranar 27 ga Oktoba a maƙabartar Dornhalden, kwana biyu bayan an yi jana'izar Schleyer a gari guda.

Ni dai ina ganin ranar nan ce ya zama magajin gari na gaskiya. Amma ƙanina ya ce cin fuskar waɗanda aka kashe ne. Ku fa?

Barista Zainab:
Wa alaikumus salam Malam Habibu. Kafin a shiga ra'ayi bari in ɗan gyara wani abu. In mun ce lauya, kada hankalinmu ya tafi ga mai baƙar riga da ke tsayawa gaban alƙali. Rommel ba a kotu ya yi rayuwarsa ba. A Jamus wanda ya karanta shari'a sai ya ci jarrabawar gwamnati har biyu, da horo a tsakani, daga nan ya zaɓa: alƙalanci, lauyanci ko aikin gwamnati. Manyan ma'aikatansu da yawa ta wannan ƙofar suka shigo. Shi ma'aikacin gwamnati ne mai idon lauya.

Kuma idon nan shi ya yi aiki. Sashe na farko na kundin tsarin mulkinsu na 1949 cewa ya yi ba a taɓa mutuncin ɗan Adam, tun 1971 kuma kotun tsarin mulki ta ce wannan kariya ba ta ƙarewa da mutuwar mutum. Kundin ya soke hukuncin kisa a sashe na 102. To ƙasar da ba ta yarda ta kashe mai laifi ba, ta yaya za ta hukunta gawarsa? Mutanen nan a ƙasar Stuttgart suka mutu, dole a binne su a wani wuri. Da ya hana, da ya yi hukuncin da ba kotun da ta yanke.

Abdul ɗan BUK:
Anti Barista, in haka ne ai ba abin yabo. Doka ya bi kawai.

Barista Zainab:
Ƙanina, bin doka ranar da gari kaf ke son ka taka ta, shi ne abu mafi wuya a wannan aikin. Rannan za ka gani in ka fara. Kuma doka ba ta ce a haɗa su wuri ɗaya ba, ba ta ce a gaggauta ba. Da ya so, da ya yi ta jan ƙafa har iyayen su gaji su kwashe gawarwakin zuwa wani gari, ya wanke hannunsa tas. Bai yi hakan ba.

Ummu Sadiq:
Na karanta har ƙarshe, kuma ku yi haƙuri da ni, ba zan iya yabon nan ba. Shekara huɗu ke nan da 'yan bindiga suka tare motar da yayana ke ciki. Sai bayan kwana uku muka samu gawarsa, a halin da ba zan faɗa ba. Ya bar mata da 'ya'ya biyar, ni nake riƙe da biyu. Da a ce a makon da muka binne shi, shugaban garinmu ya fito ya ce gaba ta ƙare don waɗanda suka kashe shi sun mutu, wallahi da ban yafe masa ba. Wa ya ba shi? Gabar tasa ce? Wanda aka kashe wa miji ko ɗa shi ke da ikon cewa ta ƙare ko ba ta ƙare ba. Mai kujera ba shi da wannan hurumin. Ciwon da ba a jikinka yake ba, sauƙin haƙuri gare shi.

Habibu Stuttgart:
Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya jiƙan Yaya, ya raya abin da ya bari, ya saka miki da alheri. Hajiya, ban kawo maganar nan don in fama miki ciwo ba, ki yafe ni.

Abu ɗaya kawai zan ƙara, ba don in ja da ke ba. Kin ce ciwon ba a jikinsa yake ba. Na 1977 haka ne. Amma mutumin ya san mutuwa a cikin gida. Yana ɗan shekara 15, ana amfani da shi wajen bindigogin kakkaɓo jirage kamar sauran yaran makaranta na lokacin, ya zo gida Herrlingen, kusa da Ulm, ranar 14 ga Oktoba 1944. A ranar wasu janar biyu, Burgdorf da Maisel, suka zo da saƙon Hitler. Ana zargin mahaifinsa da sanin makircin kashe Hitler na 20 ga Yuli. Aka ba shi zaɓi: ko ya sha guba a yi masa jana'izar ƙasa a bar iyalinsa lafiya, ko a kai shi kotun 'yan Nazi, iyalin ma su shiga uku. Uban ya kira yaron ya gaya masa cewa nan da kwata na awa ya mutu. Yaron ya raka shi har bakin mota.

Bayan kwana huɗu aka yi gagarumar jana'iza a Ulm, aka lulluɓe akwatin da tutar waɗanda suka kashe shi, aka gaya wa duniya raunin da ya samu a Faransa ne ya yi ajalinsa. Yaron da mahaifiyarsa suna zaune, sun san gaskiya, ba halin magana. Ranar 18 ga Oktoba ce. Shekara 33 cif kafin daren Stammheim. Ni ina ganin wanda ya ga gwamnati ta yi siyasa da gawar ubansa ba zai so ya sake ganin ana siyasa da gawar kowa ba, ko ta ɗaukaka ce ko ta wulaƙanci. Wannan fahimtata ce, ba shi ya gaya min ba.

Ummu Sadiq:
Amin, na gode. Ba ka yi min laifi ba. Na ji tausayin yaron. Amma maganata tana nan.

Malam Nura Zariya:
Allah ya gafarta wa mamacinki 'yar'uwa. Mutanen da ake magana a kansu ba Musulmi ba ne, ƙasarsu ma ba da hukuncinmu take tafiya ba, don haka ba fatawa nake bayarwa a kansu ba. Amma tun da mu ne muke auna abin, bari mu duba ma'auninmu.

Duk wanda ya yi karatun zaure ya wuce ta babin jana'iza a Risala. A can aka ce ana sallatar wanda ya kashe kansa, ana kuma sallatar wanda shugaba ya kashe a haddi ko ƙisasi, sai dai shi shugaban ba ya sallatarsa. Ku dubi hikimar. Shugaba ya janye jikinsa don a san laifin babba ne, amma gawa ta samu haƙƙinta. A Sahihu Muslim an kawo wa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, mutumin da ya kashe kansa, bai sallace shi ba. Kuma a Bukhari da Muslim an wuce da gawar Bayahude ya miƙe tsaye, da aka gaya masa ko wane ne ya ce, ashe ba rai ba ne? Ko mushirikan da aka kashe a Badar ba a bar su a fili tsuntsaye su ci ba, an zuba su a rijiya.

Abin da nake son in fitar: binnewa daban, girmamawa daban, yafewa kuma daban. Hajiya tana da gaskiya cewa yafiya ta masu jini ce, Alƙur'ani ma waliyyin wanda aka kashe ya ba wannan ikon. Amma rami ba yafiya ba ne. Da magajin garin ya ce ya yafe musu a madadin iyalan, da ya wuce gona da iri. In kuwa abin da yake nufi shi ne hukuma ba ta faɗa da gawa, to ban ga inda ya kauce ba.

Ummu Sadiq:
Allah ya gafarta Malam, na fahimci rarrabewar. Sai dai shi ba rami kawai ya ce ba, gaba ya ce. Kalmar ce ta tsaya min a wuya.

Habibu Stuttgart:
A cikin maganar tasa akwai "a wurina". Kansa ya ɗora wa, bai ɗora wa matar Schleyer ba.

Isuhu Damagaram:
Sannunku. Ni ina bayan Hajiya ta wata fuskar. An ce gaba ta tsaya a bakin kabari, to ta tsaya? Ba ta tsaya ba. A wajen jana'izar ma magoya bayansu sun taru, wasu da fuska a rufe, 'yan sanda kewaye da wurin. Da yawansu ba su yarda mutanen sun kashe kansu ba, cewa suke gwamnati ce ta kashe su. Ƙungiyar ta ci gaba da kisa: Alfred Herrhausen shugaban Deutsche Bank a 1989, Detlev Rohwedder, shugaban hukumar sayar da kamfanonin gwamnatin tsohuwar Jamus ta Gabas, a 1991. Sai a 1998 suka sanar sun rushe kansu, bayan sun kashe mutum fiye da 30. Haɗa su a kabari ɗaya ai gina wa mabiya wurin ziyara ne. Da an raba su, kowa a garinsu, shiru, ba hayaniya.

Barista Zainab:
Malam Isuhu, bai ce binnewar za ta kawo ƙarshen ta'addanci ba, ba kuma aikin magajin gari ba ne wannan. Sannan ka juya abin. Duk hujjar RAF ita ce Jamus ta Yamma mulkin Nazi ce da ta canza riga. Ga mutane na raɗe-raɗin an kashe fursunoni a ɓoye. A irin wannan hali a ɓoye gawarwakin, ko a ƙona su, a hana iyaye? Ai an miƙa musu hujja a faranti ke nan. Kuma a ce ɗan janar ɗin Hitler ne ya sa hannu. Ka san abin da za su yi da wannan.

Habibu Stuttgart:
Maganar wurin ziyara, na je da ƙafata shekara biyu da suka wuce. Maƙabartar tana gefen daji a kudancin gari. Sai da na yi ta dubawa kafin na same shi, allon dutse ne da sunayen ukun, ba wani gini, ba kowa a wurin. Amma gidan taro mafi girma da garin ya gina a zamanin Rommel, wanda aka buɗe a 1983, sunan Schleyer aka sa masa. Duk wanda ya zo kallon wasa ko wani babban taro sai ya furta sunan.

Alhaji Ɗanlami Fagge:
Yara, ku bar tsoho ya sa baki. Ni sunan Rommel tun ina ƙarami na san shi, ba a littafi ba. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya yi leburanci a filin jirgin Kano lokacin yaƙin Hitila. Turawan Ingila suna kawo jirage a akwatuna ta ruwa zuwa Takoradi a Gana, a haɗa su a can, su taso su bi ta Ikko, Kano, Maiduguri, Fort Lamy, su ratsa Sudan zuwa Khartum, har Alƙahira. Duk don a yaƙi uban wannan mutumin a hamadar Libiya da Masar. Baba yana ba mu labarin yadda suke mirgina gangunan mai a rana. Ashe ɗan wanda ake yaƙa yana can yaro ƙarami, zai girma ya zama abin da Habibu ke faɗa. Ikon Allah sai kallo.

Mahamat Njamena:
Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Mu ma abin ya iso mu. A Janairun 1942 jirgin Jamus ya taso daga Libiya ya ratsa Sahara ya jefa bama-bamai a filin jirgin Fort Lamy, wato Njamena ta yau, ya ƙona man da aka tara. Tsofaffinmu sun san zancen.

Habibu Stuttgart:
Baba, ranka ya daɗe, ga abin da zai ƙara ba ka mamaki. Montgomery, janar ɗin Ingila da ya karya Erwin Rommel a El Alamein a 1942, ɗansa David ya zama aminin Manfred. Haka ma ɗan Janar Patton na Amurka, wanda shi ma janar ne kuma ya yi aiki a nan yankin Stuttgart, har ranar haihuwarsu ɗaya, 24 ga Disamba. A zamaninsa kuma, 1979, Stuttgart ta ƙulla ƙawance da Alƙahira, garin da ubansa ya so cinyewa da tankokin yaƙi bai samu ba.

Abdul ɗan BUK:
Yaya Habibu, amma kada a wanke uban fa. Na karanta cewa Erwin Rommel ɗan lelen Hitler ne, har shi ya jagoranci rundunar da ke gadinsa a farkon yaƙi. Masana tarihi ma har yau ba su daidaita ba kan ko yana cikin makircin 20 ga Yuli ko labari kawai ya ji.

Habibu Stuttgart:
Gaskiyarka, ba na wanke shi. Yaƙin zalunci ya yi wa azzalumi, ya kuma yi shi da ƙwarewa. Shi kansa Manfred bai ɓoye cewa yana yaro ya sha farfagandar ba, har ya so shiga Waffen-SS, rundunar yaƙi ta jam'iyyar Nazi, uban ne ya hana shi. A ƙarshen yaƙi, Afrilun 1945, ya gudu daga aikin tilas da aka sa shi, ya faɗa hannun sojojin Faransa. Abin da ke burge ni shi ne bai ci abinci da sunan uban ba, bai kuma tsine masa a bainar jama'a don ya samu karɓuwa ba. Ya ɗauki sunan da nauyinsa ya tafi da shi.

Isuhu Damagaram:
To a faɗi sauran ma. Ubangidansa a aikin gwamnati Hans Filbinger ne, firimiyan jihar, wanda ya yi murabus a 1978 da aka bankaɗo cewa yana alƙalin sojan ruwa a zamanin Nazi yana da hannu a hukuncin kisa. A inuwar wannan mutumin Rommel ya taso. Sannan aikin mayar da tashar jirgin ƙasa ƙarƙashin ƙasa, Stuttgart 21, yana cikin waɗanda suka fito da shi a 1994. Ku tambayi Malam Habibu irin zanga-zangar da aka yi a 2010, da yadda kuɗin ya ninka, da sau nawa aka ɗaga ranar buɗewa. Kuma garin da Mercedes da Porsche suke, yana karɓar harajin kamfanoni da kansa, ai mulkinsa ba zai yi wuya ba.

Habibu Stuttgart:
Tashar kam ba zan kare ta ba, mun sha wahalar ramukan nan. Kuɗi kuma akwai, amma a farkon shekarun 1990 da masana'antar mota ta shiga matsi sai da garin ya ɗaure ciki. Yana da wata magana da mutanen nan ke maimaitawa: tattali shi ne ka ƙi kashe kuɗin da kake da shi, ƙin kashe wanda ba ka da shi kuwa sunansa fuskantar gaskiya.

Batun Filbinger ma akwai abin dubawa. A wannan shekarar ta 1977, shugaban gidan wasan kwaikwayo na Stuttgart, Claus Peymann, ya bari aka nemi gudummawar kuɗin gyaran haƙori na fursunonin Stammheim. Filbinger da jam'iyyar suka taso a kore shi nan take. Rommel ya tsaya sai ya ƙarasa kwantiraginsa, aka kuwa bar shi har 1979. Da Filbinger ya sauka Rommel ya nemi kujerar, jam'iyya ta ba Lothar Späth. Ni ina ganin irin waɗannan tsayuwar suna cikin abin da ya sa 'yan jam'iyyarsa ba su saki jiki da shi ba. Mutanen gari kuwa ƙara masa ƙuri'a suka yi.

Amma bari in faɗi wanda ya shafe ni kai tsaye, ni baƙin mutum a garin nan. A Agustan 1989, a gadar Gaisburg, wani ɗan Afirka mai neman mafaka ya soke 'yan sanda biyu har lahira, shi ma aka harbe shi. Gari ya ɗau zafi. Wani dattijo ɗan Gana da muke salla tare ya ce min a kwanakin nan ko jirgin cikin gari ba sa son shiga. Rommel ya fito ya ce kada a yi wa jama'a kuɗin goro, wanda ya yi abin nan da zai iya zama farar fata, da zai iya zama ɗan ƙabilarsu ta Schwaben. Ya sha zagi a kan wannan ma. Hajiya, shi ya sa nake kallon 1977 yadda nake kallonta. Ranar da gari ya fusata yana neman wanda zai huce a kansa, wani lokacin gawar ɗan ta'adda ce a gaba, wani lokacin kuma irina ne, wanda bai san hawa ba bai san sauka ba. Mutumin da ya tare na farko shi ya tare na biyu.

Alhaji Ɗanlami Fagge:
Wannan magana ce, Habibu. Mun ga irinta da idonmu, laifin mutum ɗaya a kwashe unguwa guda. Allah ya kiyaye.

Abdul ɗan BUK:
Shekara takwas-takwas magadan garinsu suke yi ke nan? Mu da ciyaman ko uku ba ya cikawa.

Barista Zainab:
A jihar tasu, e. Jama'a ke zaɓensa kai tsaye na shekara takwas, shi ne shugaban majalisar gari, shi ne shugaban ma'aikata, kuma firimiyan jiha ba zai wayi gari ya sauke shi ya naɗa kantoma ba. Wanda ya san kujerarsa ba a aljihun wani take ba, shi ke iya cewa a'a. Amma kada mu karkata, maganar ƙananan hukumominmu zaure guda ce.

Ummu Sadiq:
Malam Habibu, na ji ta 1989, kuma a wannan ina tare da shi ɗari bisa ɗari. Wanda bai yi laifi ba bai kamata ya biya ba. Ta Malam Nura ma na karɓa: a binne, ba a wulaƙanta gawa. Ko waɗanda suka kashe Yaya, in sun mutu ban ce a bar wa karnuka ba. Amma ni a wurina gaba ba ta tsaya a bakin rami ba, akwai hisabi gaba, can nake jiransu. Ba zan yi ƙaryar abin da ba ya zuciyata ba.

Ga kuma abin da ya fi damuna. Tun safe nake bin zancen nan. An kira sunan Baader, an kira Ensslin, an kira Raspe, an faɗi maƙabartarsu da ranar binne su. An kira Schleyer don babban mutum ne, har gidan taro gare shi. Direban fa? 'Yan sandan nan uku fa? Matuƙin jirgin fa? "Direbansa da 'yan sanda uku." Haka aka rubuta Yayana a labarai, "fasinjoji bakwai". Ba wanda ya kira sunansa.

Malam Nura Zariya:
Wallahi kin kama mu, 'yar'uwa. Har da ni.

Habibu Stuttgart:
Ni na fara wannan kuskuren, tun a rubutun farko. Direban sunansa Heinz Marcisz. 'Yan sandan su ne Reinhold Brändle, Helmut Ulmer da Roland Pieler, daga nan jihar Baden-Württemberg aka tura su. Pieler shekararsa 20. Matuƙin jirgin da aka harbe a Aden, Jürgen Schumann.

Ummu Sadiq:
Shekara 20. Sa'an babban ɗan Yaya ke nan, wanda yake hannuna. Na gode Malam Habibu, na rubuta su a takarda.